Khichu na mutanen Gujarat: me ya sa nawa ke yin gudaji, kuma yaya ake haɗa shi a gida?

Tambaya: Lokacin da na raka mahaifiyata jinya birnin Ahmedabad a Indiya, akwai wani abinci da muke saya a bakin titi da yamma. Yana da taushi da santsi, launinsa fari mai ɗan ratsin rawaya, ana zuba masa mai da jan yaji a kai. Sun ce sunansa khichu, kuma da garin shinkafa ake yin sa. Da na dawo gida na gwada, amma ya yi gudaji, ga warin ɗanyen gari, sannan ya daskare tun kafin a gama ci. Don Allah ina matsalar take?

Amsa: Sannu da jinya 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Abin da kika ci khichu ne, kuma daga yadda kika bayyana naki, ina kyautata zaton kin tuƙa shi ne kamar tuwon shinkafa na gari, kika sauke kika kwashe. Duk wadda ta saba da muciya haka hannunta zai kai ta, domin aikin ya yi kama. Sai dai khichu ya rabu da tuwo a wurare uku: kayan ƙamshi da gishiri a cikin ruwan tuƙin ake dafa su, ana sa wa ruwan wani gishiri mai kaifi dangin kanwa, kuma bayan an tuƙa sai an turara. Wanda ya tsallake na biyu da na uku tuwo mai yaji ya yi, ba khichu ba.

Sanin asalin abincin zai sauƙaƙa miki fahimtar dalilin wannan dahuwa sau biyu. Khichu ƙullin da ake yin papad na shinkafa da shi ne, wannan siririn faifan busasshe da Indiyawa ke gasawa ko soyawa su ci yana ƙaras-ƙaras. A Gujarat, jihar da ke yammacin Indiya, lokacin bazara kafin saukar damina, wajen watan Maris zuwa Mayu, mata kan taru su dafa ƙullin da yawa, su turara, su murza, su shanya a saman soro don ya kai su shekara. Ana cikin aikin ake gutsurar mai zafin a dangwala da mai a ci, musamman yara da ke kewaye da tukunya. Daga nan ya zama abin ci mai zaman kansa, har wasu ba sa kiran sa khichu sai papdi no lot, wato ƙullin papad. Yanzu a Ahmedabad da Surat da Vadodara ana sayar da shi a teburan bakin hanya, kuma kasuwarsa tana ci sosai a dararen Navratri, bikin dare tara da mabiya addinin Hindu ke yi wajen Satumba ko Oktoba, inda ake raba dare ana rawar garba. Babu nama a cikinsa, babu wani abin da zai sa Musulmi ya yi shakka; shinkafa ce da ruwa da yaji da man gyaɗa.

Mu fara da gari, don a nan mutanenmu suka fi faɗawa rami. Yawancin shinkafar da muke dafawa da miya ko dafa-duka an riga an turara ta tun tana cikin ɓawonta kafin a sheme. Sitacin da ke cikinta ya dahu sau ɗaya ya bushe, saboda haka ko an niƙa ta da laushi garin yana da tsaki-tsaki, ba ya haɗe jikinsa ya yi santsi. Ɗanyar shinkafa ake so, wadda muke kira shinkafar tuwo. Ko karyayyiya ce ba laifi, su ma a can da karyayyar suke niƙa garinsu. Basmati ba ta dace ba, tana da tsada kuma ba ta da danƙo. In a kanti za ki sayi garin leda, ki kauce wa garin shinkafa mai danƙo irin na Tailan, domin shi kuma ya wuce gona da iri, zai manne miki a tukunya da haƙora.

Ki wanke shinkafar, ki tsane ta a kwando, ki baza a inuwa ta bushe sarai, sannan a kai inji. Ki roƙi mai inji ya share injin, ko ki ware garin da ya fara fitowa, saboda ragowar masara ko dawa da ke ciki. In an dawo da shi ki tankaɗe da rariya mai laushi. Tankaɗen nan ba ado ba ne: garin shinkafa yana dunƙulewa a ajiye, kuma duk dunƙulen da ya shiga tafasasshen ruwa a dunƙule, haka zai fito.

Sai gishirin da na ambata. Sunansa papad khar, wani farin gishiri ne mai kaifi, kuma sinadaransa, wato kabonet da baikabonet na sodiyam, su ne dai ke cikin kanwarmu. Aikinsa a tukunya shi ne ya taimaka wa sitacin shinkafa ya kumbura ya saki jiki, sai ƙullin ya yi laushi da ɗan yauƙi, ya kuma ba shi wannan ratsin rawaya da kika gani, da wani ɗanɗano na musamman a ƙarshen harshe. Mutane da yawa suna ɗauka kurkum aka sa don launi. A'a, ruwan da kansa yake juyawa da zarar gishirin ya haɗu da kayan ƙamshin. In kina da shagon kayan Indiyawa kusa, ki tambayi papad khar. In babu, su kansu matan Gujarat da ke zaune a ƙasashen waje bekin soda suke sawa a madadinsa. Ki lura, soda na ce, ba bekin hoda na kek ba; shi hoda an gauraya shi da tsami, ba zai yi wannan aikin ba.

Kanwa ma tana yi, kuma ni na fi son ɗanɗanonta a kan soda. Matsalarta ƙarfinta ba ɗaya ba ne, wata ta fi wata kaifi, ga ƙasa da yashi. Ki jiƙa gutsure ƙarami kamar girman ƙwayar gyaɗa a ruwa cokali uku, ki bar shi ya kwanta, ki tsiyaye ruwan saman. Ki fara da cokalin cin abinci ɗaya a cikin ruwan tuƙin. In ruwan ya ɗan yi rawaya, ya isa. In bai motsa ba ki ƙara kaɗan. In ya yi duhu yana warin sabulu, kin zarce, kuma gara ki zubar da ruwan ki sake wani tun ba ki sa gari ba, domin ɗacin kanwa ba ya gyaruwa da ƙarin gishiri ko yaji.

Kayan ƙamshin ba su da yawa. Babbansu kumin ne, wanda suke kira jeeru, 'ya'yansa ake sawa ba garinsa ba, kuma ana samun sa a wajen masu kayan ƙamshin girki. Na biyu ajwain, wasu ƙananan 'ya'ya masu ƙamshi irin na tayim amma da kaifi. In ba ki samu ba ki bar shi, ko ki murza busasshen tayim ɗan kaɗan. Sai ɗanyen barkono kore, da riɗi, da ɗanyar citta ga mai so. Wasu gidajen na sa tafarnuwa, musamman ɗanyen ganyenta lokacin sanyi, su kuwa mabiya addinin Jain ba sa kusantar ta. In attaruhu za ki sa a madadin koren barkono, rabin guda ya isa, don zafinsa da ƙamshinsa sun fi na barkonon da suke amfani da shi ƙarfi.

Ga awon da zai ishi mutum biyu su ci a matsayin abin taɓawa. Garin shinkafa kofi 1, ruwa kofi 3 da wannan kofin dai, kumin ƙaramin cokali 1, ajwain rabin ƙaramin cokali, riɗi ƙaramin cokali 1, jajjagen koren barkono ƙaramin cokali 1 zuwa 2, gishiri kusan ƙaramin cokali 1, man gyaɗa babban cokali 1, sai papad khar rabin ƙaramin cokali, ko soda kwatan ƙaramin cokali, ko ruwan kanwar da na bayyana. Ki ɗan rage gishiri a kan yadda kika saba, domin soda da kanwa suna da nasu, yajin da za a barbaɗa a sama ma yana da shi.

Ki samu tukunya mai kaurin gindi, mai ɗan zurfi, don ruwan yana tasowa da kumfa idan sodar ta shiga. Ki zuba ruwan da kumin da ajwain (ki murza su a tafin hannu tukuna) da riɗi da barkono da gishiri, ki rufe, ya tafasa na minti 5 zuwa 7. Kada ki yi gaggawar wannan matakin. Babu miyar da za ta rufa wa khichu asiri, duk ɗanɗanon da zai samu a cikin wannan ruwan yake, don haka ki ɗanɗana shi: ya kamata gishirin ya ɗan fito fiye da yadda kike so, saboda gari zai shanye. Sai ki sa papad khar ko soda, ki ga kumfa ta taso ta kwanta, ruwan ya koma rawaya-rawaya. Ki zuba cokalin man.

Yanzu wajen gudajin. Abin da ke faruwa shi ne, idan tarin gari ya faɗa ruwa mai tafasa da ƙarfi, bayansa yana dahuwa nan take ya zama fata, ya kulle busasshen gari a ciki, ruwa ba zai ƙara shiga ba ko za ki kwana kina tuƙi. Maganinsa a rage wuta ƙasa sosai kafin gari ya taɓa ruwa. Ki riƙe kwanon garin da hagu kina zazzagawa a hankali ba tsayawa, dama kuma tana juyawa da sauri ta gefe guda. Matan Gujarat da siririn katakon murza burodinsu suke tuƙawa, suna kiran sa velan. Muciyarmu ta fi shi kama hannu. Kada ki yi amfani da ludayi, yana kwasar gari ne ya dunƙule shi. Cikin minti ɗaya ko biyu ruwan zai shanye, ƙullin ya yi nauyi. Ki ci gaba da tuƙawa kina danna shi a jikin tukunya har ya haɗe. In akwai mai riƙe miki tukunyar da tsumma, ya fi.

Idan hannunki bai saba da zuba gari kai tsaye ba, akwai hanyar da ba tasu ba amma tana fitar da mutum kunya: ki ɗebi rabin kofi daga ruwan awon tun yana sanyi, ki dama kashi ɗaya cikin uku na garin da shi, ki fara zuba wannan a matsayin talge, in ya yi kauri sai ki bi da sauran garin. Ruwa mai kauri ba ya kama gari da zafin da tsinkakken ruwa ke kama shi. Ɗanɗano bai canzawa, kuma ba wanda zai gane a faranti.

A wannan matakin ƙullin zai yi kama da ya dahu, amma bai dahu ba. Ki gutsura ki ɗanɗana za ki ji gari-gari a harshe, launinsa kuma fari ne marar sheƙi. Nan ne kika tsaya a naki gwajin, kuma daga nan warin ɗanyen garin ya fito. Dalilin turarawa shi ne ruwan da ke cikin ƙullin ya yi kaɗan a ce a ci gaba da dafa shi a kan wuta ba tare da ya kama ba, ga shi sitacin bai gama kumbura ba. Tururi yana kai zafi da laima har tsakiya ba tare da ya ƙona gindi ba.

Ki ɗora madambaci tun kina tuƙi don ya kasance yana tururi sosai lokacin da za ki buƙace shi. Ki shafa masa mai, ko ki sa faranti mai shafaffen mai a ciki. Ki bar ƙullin ya ɗan huce yadda hannu zai iya taɓawa, ki shafa mai a tafinki, ki ɗebi kamar girman lemon tsami, ki mulmula, ki ɗan danne, ki huda tsakiya da yatsa ya zama zobe. Hujin yana da amfani biyu: tururi na ratsawa ta ciki ya dahu da wuri, in an zo ci kuma nan ne mai zai taru. Ki jera su da ɗan tazara, ki naɗe murfin da tsumma mai tsabta don kada ruwan tururi ya riƙa ɗiga a kansu, ki rufe, wuta matsakaiciya, minti 12 zuwa 15. Masu sayarwa a titi ba sa ɓata lokaci da zobe, suna baza ƙullin gaba ɗaya a faranti su turara, su riƙa yankowa da cokali. In haka kika zaɓa, kada kaurinsa ya wuce yatsa biyu, kuma ki ba shi kusan minti 20.

Alamar ya yi a ido take. Farin nan marar sheƙi zai tafi, ya koma yana ƙyalli, gefensa kamar haske na ɗan ratsa shi. Ki jiƙa yatsa ki taɓa, ba zai manne ba. Ki tsaga ɗaya ki duba cikinsa, launin ciki da na waje su zama ɗaya.

Akwai masu gajarce hanya: bayan tuƙi sai su yayyafa ruwa kaɗan, su rufe tukunyar, su ɗora ta a kan tanda ko faffaɗan kasko a wuta ƙasa-ƙasa na minti 10 ya sulala. Yana ciyuwa, kuma idan ruwan ya kai kofi 3 da rabi yana yin laushi. Amma a ganina bai kai na madambaci ba, ƙyallin nan da santsin ba sa fitowa sosai, kuma da wuya gindin bai yi ƙanzo ba.

Man da ake zubawa a kai ɗanyen man gyaɗa ne, ba a soya shi. Gujarat ce kan gaba wajen noman gyaɗa a Indiya, musamman yankin Saurashtra, shi ya sa man gyaɗa ya zama man girkinsu na yau da kullum, kuma ƙamshinsa rabin daɗin khichu ne. Na san al'adarmu a soya mai da albasa a kashe gafinsa kafin a sa a abinci. A nan ki daure ki bar shi yadda yake. Ki nemi mai kyau na masu ƙuli, sabon tatsa, wanda bai kwana biyu a jarka ba. Tataccen man kanti da ba shi da ƙamshi ba zai ƙara komai ba sai maiƙo. Kuma kada ki yi rowa: babban cokali guda ga kowane faranti shi ne mafi ƙaranci.

Jan yajin da kika gani a sama sunansa methi masala, asalinsa haɗin da suke tsuma ɗanyen mangwaro a cikin mai da shi ne. Jigonsa hulba da 'ya'yan mastad (wasu ƙananan ƙwayoyi masu kaifin ɗanɗano) da aka ɓarza, da garin jan barkono marar zafi sosai, da gishiri, da hing, wani ƙaro mai ƙarfin wari da suke sawa ɗan mitsitsi. Za ki iya yin na gida. Ki gasa hulba babban cokali 1 a busasshen kasko a wuta kaɗan har ta fara ƙamshi, kada ta yi duhu don ɗacinta ƙaruwa yake, ki daka ta sama-sama. Ki ɓarza mastad babban cokali 1 in kina da shi. Ki ɗumama mai cokali 1 ki zuba a kansu, in sun huce ki haɗa da garin busasshen tattasai cokali 3, garin barkono gwargwadon ƙarfinki, da gishiri. Yana ajiyuwa a kwalba mai murfi. In duk wannan ya yi miki nisa, garin barkono da gishiri kaɗai ma haka gidaje da yawa suke ci a can. Yajin ƙuli yana tafiya da shi ƙwarai, yara sun fi son sa ma, sai dai ɗacin hulbar nan da kika ji a Ahmedabad ba zai fito ba.

Maganar daskarewa kuwa, wani ɓangarenta halin shinkafa ne. Duk dafaffen sitaci idan ya huce yana komawa ya tsuke, shi ya sa mai sayarwa ba ya sauke nasa daga kan tururi sai mai saye ya tsaya a gabansa. Khichu daga madambaci sai faranti sai baki. Amma idan naki yana tauri tun yana da ɗumi, ruwa ne ya yi kaɗan ko babu soda. Tsohon gari ya fi sabo shan ruwa, kuma tafasar minti 7 a buɗaɗɗiyar tukunya tana cinye wani abu daga awon, shi ya sa na ce ki rufe. Ki ajiye ruwan zafi a gefe lokacin tuƙi; in kin ji muciya na neman tsayawa, ki zuba cokali biyu ko uku. Ruwan sanyi kada ya shiga. In kuma ya yi ruwa ya ƙi mulmuluwa, kada ki ƙara ɗanyen gari, ki juye shi a faranti ki turara haka, a ci da cokali.

Ba shinkafa kaɗai ake yi da ita ba. A Gujarat ana yin khichu da garin dawa, da na gero, da na alkama, da na tamba, duk da hanya ɗaya, sai dai su ruwansu bai kai na shinkafa ba, ki fara da kofi 2 da rabi. Na dawa ya fi cika ciki, amma ki bari sai hannunki ya faɗa da na shinkafa.

In ya kwana, ki mayar da shi madambaci na minti 5, zai dawo kusan yadda yake. Ko ki yayyanka shi ƙanana, ki soya 'ya'yan mastad da riɗi a ɗan mai har su fara tsalle, ki zuba yankan ki juya har gefensu ya yi ja. Idan kuma kina son ganin ƙarshen aikin yadda suke yi, ki rage ruwan zuwa kofi 2 da rabi, bayan turarawa ki murza ƙullin da mai tun yana da zafi har ya yi sumul, ki gutsura ƙanana, ki sa kowanne tsakanin leda biyu masu shafaffen mai ki danne da gindin faranti ya yi siriri. Ki shanya a kan tsabtataccen zane a rana, kina juyawa, kwana 2 zuwa 3 har ya bushe ƙayau yana karyewa. Wannan shi ne khichiya papad. Ana gasa shi a kan garwashi ko a jefa a mai mai zafi ya kumbura cikin daƙiƙoƙi, a Mumbai kuma masu teburi suna farfasa gasasshen su zuba masa yankakken albasa da tumatir da yaji. Lokacin hunturu da bazara ne ya dace da shanyar a wajenmu, amma ki rufe da siririn mayafi saboda ƙura.